Kada Ramatu Ta Bi Bayanka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ku Maraɗi lafiya, kai da matarka Ramatu da jikata Nana, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin abin da ke tafiya bisa hanya. Takardar nan zan danƙa maka ita a hannu a tashar Mayahi. Ka karanta ta cikin mota tun kuna tafe. Kada ka cusa ta aljihu ka ce sai kun sauka kun huta, don abin da ke cikinta yana farawa ne daga lokacin da ƙafarku ta taɓa ƙasa.

Ka san ni da kai ba mu saba dogon zance ba. Tun kana yaro maganarmu ba ta wuce ka ba jaki ruwa, ka kai taki gona, ka tashi lokacin salla ya yi. In na zaunar da kai na fara wannan zance da baki, na san zan kai rabi in koma tambayarka kuɗin wake. Shi ya sa na ɗauko ɗan rubutun da na koya a yaƙi da jahilci. Ka yi haƙuri da karkacewarsa.

Ba zan yi maka wa'azin salla ko na riƙon amana ba, waɗannan ka same su a gida. Zancena a kan tsallaka titi ne. Na san za ka yi murmushi, ka ce tsoho ya fara ruɗewa, kai da ka sha zuwa Tasawa bisa moto, wato babur. To yi murmushinka, amma ka karanta.

Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune ƙofar gida na ga fitarku. Kai kana gaba, waya manne a kunne. Ramatu tana bayanka da ɗan nisa, kwano a kai, Nana a goye, kanta a sunkuye. Ka tsaya gaisawa da wani, ta tsaya. Ka ci gaba, ta ci gaba. Waɗanda muke zaune tare suka ce kai, Haruna ya yi dacen suruka mai kunya. Na amsa musu da baki kawai. Haka innarka take bina, kuma haka na kai ta inda ta samo ɗingishin da ka tashi ka gan ta da shi.

Kana goye a lokacin. Daminar shekarar irin ta bana ce sak. Gero ya fito ya kai gwiwa, ruwa ya ɗauke, muna kallo ya ƙone a tsaye. Soja ke mulki, kamar yanzu. Iyakar Najeriya kuma a rufe, ba halin a gangara Katsina ko Kano cin rani yadda aka saba. Na sayar da san amalanke a kuɗin da ko akuya ba ta kai ba a shekarar ƙoshi, daga baya amalanken ma ta bi shi. Da rumbu ya koma sai ƙura da kashin ɓera, muka kai yayarka wurin kakarku a Kanan-Bakashe, ni da innarka da kai muka kama hanya. Tasawa muka fara nufa, don an ce ana rabon dawa a can. Mun tarar an gama rabon, ko kuma ba a fara ba, har yau ban san wanne ba ne.

A Tasawa na yi wautata ta fari. Ka san mu nan, duk abin da ke tafiya a hanyarmu yana da ido kuma yana da tsoron mutum. Jaki in ya gan ka zai kauce. Raƙumin Buzaye zai ɗaga wuya ya ratse. Mai amalanke kuwa ɗaga masa hannu kawai za ka yi ya ja igiya, ku ma gaisa. Da wannan hankalin na iso bakin gudron, titin kwalta ke nan. Na hango kamyo, babbar motar kaya, ɗauke da buhuna tana tahowa, na ɗaga mata hannu kamar yadda zan yi wa ɗan ƙauyenmu, na shiga hanya abina ba ko sauri. Ƙarar birkin nan har yau ina jin ta a haƙorana. Motar ta ja ta ja, ta zo ta tsaya har ina jin zafin injinta a fuska. Yaron motar ya leƙo yana zagin iyayena da kakannina. Direban, wani dattijo mai furfura, ya sauko ya kama ni a kafaɗa.

Ya ce, "Bawan Allah, mi na yi maka za ka ɗora min jininka?"

Na ce, "Ai na ɗaga maka hannu. Ba ka gan ni ba?"

Ya ce, "Na gan ka tun daga can. To in na gan ka sai mi? Kayan da ke bayan nan su ba su gan ka ba. Ni na taka birki, su suna turo ni."

Ka riƙe wannan, Sani. Kada ka taɓa shiga titi don kana jin direba ya gan ka. Wataƙila ya gan ka, wataƙila ma mutumin kirki ne mai tsoron Allah, amma ƙarfe da lodi ba sa tsayawa a inda ya so. Kuma yawancin motocin ƙasar nan birkinsu ya girme ka.

Daga Tasawa muka wuce Maraɗi. Muka sauka wurin Mamman, wani ɗan garinmu da ya daɗe can yana sayar da shayi kusa da tasha. Shi ya samo mana wani ɗaki a gidan da yake haya, ya samo wa innarka aikin daka a cikin gidan, ni kuma ya haɗa ni da masu dako a kasuwa. Allah Ya jiƙan Mamman. Bakinsa ba daɗi, amma ya riƙe mu.

A dakon na yi wauta ta biyu. Mu manoma in za mu je wuri, muna hango shi mu miƙe. Daga ƙofar gida zuwa rijiya, daga rijiya zuwa gona, ba mai kewaya sai in ƙaya ta tare shi. To haka nake yi a birni. In shagon da zan kai buhu yana can tsallake, daidai inda nake tsaye nan zan ratsa, ko da kuwa ta bayan wata mota ce da ke tsaye ta kare mini hanya. Ga buhu a kai, wanda ka san mai kaya a kai ba ya iya juya wuya, sai dai ya juya jiki gaba ɗaya, ni kuwa ina ƙyashin juyawar. Ga yunwa. Wannan ma ka sani tun yanzu, ƙafar mai yunwa tana yi masa ƙarya. Idonka zai auna ya ce za ka kai, ka zo tsakiyar hanya ka ji gwiwa ta saki.

Wata rana na fito ta bayan wata kamyo da buhun gyaɗa a kai, na sa ƙafa ɗaya bisa gudron, sai na ji an fizgo ni ta wuyan riga har na zauna a ƙasa. Motar soja ce ta wuce kamar iska. A zamanin nan motar soja ba ta rage gudu don talaka, kuma in ta buge ka, danginka ba su da bakin tambaya. Ban ce maka yanzu ta canja ba. Wanda ya fizgo ni Mamman ne, ya bar tukunyar shayinsa a wuta.

Ya ce, "Kai Haruna, in mutuwa kake so ka koma gida ka mutu, can aƙalla akwai mai yi maka wanka. Nan wa ka aje? Ni?"

Na ce, "Ai ga shagon can, ina ganin shi."

Ya ce, "Shagon ba ya gudu. Zamna nan, yau ba ka ƙara ɗaukar komi. Zamna ka yi kallo."

Ya zaunar da ni a bencinsa, ya ce in dubi tsofaffin matan nan masu tallan fura da ƙosai. Na zuba ido. Sai na ga ba wadda ke ratsawa daidai inda take. Sukan bi gefen hanya su yi tafiya mai ɗan nisa, har su kai wurin da motoci ke rage gudu don shiga tasha, inda ba abin da ya kare musu gani ta hagu ko ta dama. Nan ma ba sa shiga. Sai su tsaya su jira su taru, wata ta zo, wata ta zo, har da masu kura da 'yan lakwal da aka taso daga karatu, sannan su shiga gaba ɗaya. Mutum ɗaya direba yana iya cewa zai kauce masa ba tare da ya rage gudu ba. Taro kuwa dole ya taka birki. Na kuma lura 'yan birnin da ke ratsawa ko'ina da gudu samari ne marasa kaya, waɗanda suka ci suka ƙoshi. In ka bi bayan irinsu, su za su kai, kai a bar ka a tsakiya.

Don haka in ka sauka, kwanakin farko ka zama mai kallo. Ka nemi inda tsofaffi da masu kaya ke tsallakawa, ka bi nan ko da ya ƙara maka tafiya. Kada ka fito ta bayan motar da ke tsaye. In da kaya a kanka, ka juya jikinka duka ka duba, kada ka yi ƙyashi. Da la'asar in rana ta sauko tana dukan idon direbobi, ka ɗauka duk makafi ne. Kuma Maraɗin yau ta fi tamu muni. Bara da na je sayo wa innarka maganin ƙugu na ga 'yan kabu-kabu masu haya da moto sun cika gari, suna fitowa ta inda ba hannunsu ba, ta gaba ta baya, har ta inda mutane ke tafiya. Akwai fitilu masu ja da kore a wasu mararraba. Ka girmama su, amma kada ka ba su amanar ranka, don na tsaya na ga ja ta kama, wani ya wuce abinsa yana ma waya.

Duk wannan na koye shi, har na gwanance. Kafin sanyi ya fita ina ratsa babban titin nan da buhu a kai ba gargada, har ina yi wa sababbin zuwa dariya. Abin da ban yi ba shi ne koya wa innarka. Ita tana cikin gida daga turmi sai murhu. Tun ranar da muka shiga gidan nan ba ta leƙa waje ba, ni kuma ina ganin haka ne daidai, har ina jin daɗi a raina cewa birni bai ɓata mini mata ba.

Sai ka kamu da zawo da zazzaɓi. Yara da yawa sun tafi a shekarar ta wannan hanya, muka tsorata. Matar Mamman ta ce mu kai ka likita da safe, wato asibiti, tana can tsallaken babban titi. Innarka ta goya ka, ta yafa zane, muka fito. Ni a gaba, ita a baya, kamar yadda muke tafiya tun ranar da aka kawo ta gidana. Muka zo ta gaban teburin Mamman, mutane cike a benci suna shan shayi, duk sun san ni. Na isa bakin gudron na duba hagu na duba dama. Akwai kamyo tana tahowa, amma na auna na ga zan wuce da sauran wuri. Kuma gaskiya na auna daidai, na wuce lafiya. Kaina kaɗai na auna wa. Ban sa macen da ke bayana da tazara a lissafi ba, mai goyo, wadda rabonta da ƙoshi tun kafin damina. Ban waiwaya ba, don namiji ba ya waiwayen matarsa a kan hanya. Kama hannunta kuwa, a gaban masu shayin nan, ko a mafarki bai zo mini ba.

Ina sa ƙafa a ɗaya gefen na ji birki da salatin mutane. Waɗanda suka gani sun ce da motar ta zo kanta sai ta murɗa jiki ta ba ta gefenta, ta kawar da bayanta inda kake. A ƙugu ta same ta. Da na iso kana nan ɗaure a bayanta kana tsala kuka, ko ƙwarzane ba ka yi ba. Ita ko ba ta motsi. Direban yaro ne, ya durƙusa a gudron yana kuka ya fi ka. Da jandarmomi suka tambaye ni na ce na yafe masa, don ban ga laifinsa ba.

Ta daɗe kwance a likita. Ta tashi, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, kuma daga kai ba ta sake haihuwa ba. Ka ga yadda take jan ta zuwa rijiya, ka ga yadda take kwana zaune in sanyi ya shigo. Mutane suka ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa musu da ita ba. Amma ni na san wanda ya shiga gaba bai waiwaya ba. Innarka ba ta taɓa buɗe baki ta ce mini kai ne ba, ni kuma ban taɓa tayar da zancen ba. Muka rufe shi muka ci gaba da noma.

Duk shekarun nan abin da na ɗauka shi ne ba ta ga motar ba. Na ce kanta a sunkuye yake, dugadugaina take kallo, ta ga sun shiga ta shiga. Saboda haka shawarar da na yi niyyar ba ka gajeriya ce. In kun zo titi ka aje kunya a gefe. Ka tsaya ta iso, ku jera, kai ta wajen da motoci ke tahowa. Ka karɓi kayan kanta. Ka kama hannunta ko bakin mayafinta, ka auna hanya da ƙafarta, ba da taka ba. Duk wanda ya yi dariya ya ce Sani ya zama mijin tace, bar shi ya yi, ba shi zai yi jinya ba. Wannan shawara tana nan, ban janye ta ba.

To jiya da hantsi ina zaune gindin itacen bedin tsakar gida ina wannan rubutu, innarka tana gefe tana ɓarar ɗan waken da za ku tafi da shi. Ta dube ni ta dube ni, ta kasa haƙuri.

Ta ce, "Malam, mi kake ta zane tun jiya kamar mai shirin zama kumandan?"

Na ce takarda ce nake yi maka. Ta ce a kan mi. Na ga ba amfanin ɓoyewa, na karanta mata daga inda muka fito da kai har inda na ce ba ta ga motar ba. Ta aje ƙwaryar.

Ta ce, "Wa ya hwaɗa maka ban gan ta ba?"

Na ce, "Ai kanki na ƙasa."

Ta ce, "Na gan ta sarai. Ja ce, da buhuna bisa. Tun kahin ka shiga na gan ta, kuma na san ba ni kaiwa."

Na ce, "To don Allah mi ya sa kika shigo?"

Ta ce, "Ka tahi. Na ga bayanka ya shiga cikin mutane can tsallake, riga irin taka ta cika wurin. In motar ga ta gitta tsakaninmu na ɗago ban gan ka ba, in nuhi ina? Ban san sunan unguwar da muke ba. Ban san ƙohwar gidan ba, sau ɗaya na shige ta, ranar da munka zo. Ban san inda likitar take ba, ga yaro na zahi a bayana kamar garwashi. Ko dala babu a bakin zanena. Sai na ce gara in bi ka, in Allah Ya sa na kai, to."

Sani, sai na aje alƙalamin. Na ce mata, "Haba, ai da kin tsaya. Da na waiwaya ban gan ki ba, dawowa zan yi."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta ci gaba da ɓara. Ta ce, "Ka taɓa hwaɗa min?"

Ban taɓa ba. Shekaru ina tafe tana bina, ban taɓa ce mata in mun rabu ki tsaya zan dawo ba. Na ɗauka abu ne da aka sani. Jiya na wuni ban iya haɗa ido da ita ba, kuma baƙin cikin da nake ji yanzu ya fi na ranar da abin ya faru, don a ranar ban san abin da ya tura ta ba.

Don haka ga abin da nake roƙonka, kuma roƙo ne, ba umurni ba. Kama hannu kaɗai bai isa ba, don ba kullum kake kusa ba, kana can wurin ginin da za ka yi lebura. Tun makon farko ka fita da Ramatu ka nuna mata gari. Ta san sunan unguwarku da sunan mai gidan da kuka sauka, ta maimaita har ya zauna. Ta haddace lambar wayarka. Ka bi da ita hanyar likita da ta famfo da ta kasuwa, ku je ku dawo, sannan ka sa ta shiga gaba kai ka bi ta. Ka tsaya da ita bakin titi ta yi kallo yadda Mamman ya sa ni, har ta iya cewa da kanta yanzu ne, ko ba yanzu ba. Kada bakin zanenta ya rabu da ɗan abin da zai maido ta gida. Yarinya ce mai hankali, ba ta san wurin ba ne kawai, kuma ba za ta tambaye ka ba, kunya ba za ta bar ta ba.

Kuma kafin ku sauka daga motar nan, yanzu da kake riƙe da takardar, ka juya ka dube ta ka gaya mata da bakinka. Ka ce, in na tsallaka na bar ki, kada ki biyo ni. Ki tsaya inda kike, ko zan kai yamma, zan dawo in same ki. Ka faɗa har sai ta amsa maka.

Allah Ya kiyaye ku a shigarku da fitarku. Allah Ya tsare ƙafafunku, Ya raya Nana, Ya ba ka aiki mai albarka. Allah Ya ba mu damina mai kyau ku dawo gida ku uku, kowa da ƙafarsa. Innarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yarinyar.

Ni ne mahaifinka,
Haruna